Abin da Ya Ƙone Soket ɗin Fanka

"Ni, kwamfuta daga nishinta nake gane ciwonta," in ji Likita, yana dukan ƙirji. Haka ake kiransa a layin masu gyara. Bai san filaya ba. Da baki yake fere waya, ya tofar da robar, ya bushe da dariya har haƙorinsa na azurfa ya yi wal. Sai dai ranar nan ba ya dariya. Hankici ne a bakinsa, wai mura.

Kwamfutar Kofur ce ta kwanta, mijin yayarsa, tsohon soja mai shagon haɗa bidiyo. Da an kunna ta sai ta ɗau zafi, ta ɗauke. Fankar da ke sanyaya ta ko motsi.

Likita ya sunkuya ya shinshini akwatin daga waje.

"Yaya Kofur, soket ɗin fanka ne ya ƙone a kan bod, babban allon cikinta. Ni dai ka sani ban taɓa buɗe ta ba. Wa ya kaɗe mata ƙura?"

"Dogo," in ji Kofur.

"To, ba ni na faɗa ba."

Kofur ya sunkuci kwamfutar a hammata, ya nufi rumfar Dogo, wani mai gyaran kwamfuta a layin. Likita na biye, cikinsa fal daɗi, don ya daɗe yana jin haushin yadda masu kawo gyara ke taruwa a can.

Ko sallama babu. Kofur ya ɗaga teburin Dogo ya kife, sukurori suka watse har kwata. Mari ɗaya, Dogo ya zube kan matattun firintoci. Ya yunƙura, aka ƙara masa ƙafa a haƙarƙari. Wani mai gyaran waya ya shiga rabo, ya fito da fasasshen leɓe. Layi ya cika, kowa na ihu, ba mai matsowa.

Kofur ya danne hannun Dogo na dama a kan benci, ya ɗauki guduma.

"Da wannan ka ƙona min ita?"

"Ranka ya daɗe, a buɗe a gani," Dogo ya ce, jini na bin gemunsa. "In ni ne, ka farfasa."

"Ɓata lokaci ne, Yaya!" Likita ya yi caraf daga bayan hankici.

Amma mutane suka ɗau "a buɗe, a buɗe". Kofur ya sake shi, gudumar dai tana sama.

Dogo ya zare wayar wuta tukuna, ya kwance murfi. Ga soket ɗin ya yi baƙi ƙirin. Ga kuma wata ƙaramar fanka da bai sani ba, an liƙa wayarta a jikin ta asali, tsirara, ko salatif babu.

"Ni in zan ƙara fanka, daga akwatin wuta nake ja mata, rawayar waya da baƙa, in naɗe tsaf, kuma sai na kashe komai. Wannan da wuta a jiki aka yi shi. Dubi bakin wayar ma, kamar ɓera ya gwaguya."

Likita ya fara ja da baya. Ya ci karo da ƙirjin wani mai walda, wanda bai ga dalilin ba shi hanya ba.

Dogo ya sa hantsaki tsakanin 'yan tsinkayen ƙarfen soket ɗin. Wani abu ne ya maƙale a nan, ya haɗe su, wuta ta ci. Ya ciro shi, ya goge a riga, ya ɗora a tafin Kofur. Abin ya yi wal.

Kofur ya daɗe yana kallo. Sannan ya waiwayo, ya fizge hankicin Likita.

"Ƙanina, ɗan yi mana dariyar nan taka."

Likita ya yage baki, layi duka ya leƙa: inda haƙorin azurfa yake, sai giɓi.