Barci a Tsibiri

Hon ɗin jirgin ruwa ne ya tashe ta, inuwa ta riga ta miƙe. Ta zabura daga kan zanin da ta shimfiɗa, tana laluben takalmin aiki kamar tana gidan kula da tsofaffi a unguwar Withington, inda take aiki. Tun da ƙaramar hukuma ta rage ma'aikata, kwana take yi tana amsa ƙararrawar tsofaffi. Da ƙyar ta samu yini guda ta kawo yaranta wannan tsibiri na tsakiyar tafki, da alkawarin za su zagaye shi tare. Ga shi barci ya cinye yinin, ko kular dambun ba ta buɗe musu ba.

"Me ya hana ku tashe ni?"

"Mummy, minshari fa kike yi," in ji ƙaramar. "Har agwagi sun gudu."

"Jiragen rana ba su yi hon ba ne?"

"Sun yi mana," in ji babban, yana kakkaɓe yashi daga gwiwarsa. "Duk wanda ya doso sai mu toshe miki kunne, ni ɗaya, ita ɗaya. Wannan ne na ƙarshe, shi ya sa muka sake ki."