Soson Motar Hambali

Soson da aka fara kawo wa Khaulah baƙi ne, mai kwarmi-kwarmi kamar kiret ɗin ƙwai. Ta liƙa shi a bangon motar, ta kunna rediyo a ciki, ta rufe ƙofa ta tsaya daga waje. Tsaf take jin mai karanta labarai, har da jan numfashinsa.

Ta kira mai shagon da ya aiko shi, wani dattijo a unguwar Titiwangsa ta Kuala Lumpur da dokar kulle ta mayar da cinikinsa kan waya.

"Wannan amsa-kuwa kawai yake shanyewa," in ji shi. "Waƙa za ki ɗauka a ciki?"

"A'a. So nake in mutum ya ƙwalla ihu a ciki, na waje kada ya ji."

Dattijon ya ce boleh, wato zai yiwu, amma sai da kaya masu nauyi. A fara manna roba mai kauri a jikin ƙarfen, a cusa audugar bango mai tare sauti a kanta, a rufe da katako, soson ya zo ƙarshe. Ya ƙara da cewa ta bar ƙofar iska, domin zafin Kuala Lumpur ba ya raga wa wanda aka rufe a mota.

"Wanda zai shiga ba daɗewa zai yi ba," ta ce, ta kashe wayar.

Motar ta mijinta ce, Hambali, malamin jami'a daga Kano da gwamnati ta turo ƙaro karatu. Tsohuwar ƙaramar bas ce ya saya ya cire kujerunta, da niyyar mayar da ita ɗaki mai tafiya, su zaga ƙasar kafin su koma gida. Korona ta riga shi. Ta rufe hanyoyi da filayen jirgi, sannan ta kwantar da shi a asibiti. Ya fito da rai, amma zuciyarsa ta taɓu. Ranar sallama likita ta ja Khaulah gefe ta ce duk abin da zai girgiza shi a nesanta shi da shi, in ana son ya ga baɗi.

Tun daga nan wayarsa ta koma hannunta. Tata kuma kullum a kife take, ba ta ƙara.

Gidansu na unguwar Sri Petaling ciki da falo ne a saman bene, bangonsa kamar kwali. Ana jin tarin maƙwabci, ana jin cokalinsa. Fita babu, sai cefane, shi ma da shingen 'yan sanda a hanya. Ƙaramar 'yarsu Najiba tana manne da zanen uwarta wuni guda. Hambali kuwa ciwo ya ƙara wa kunnensa kaifi. In ta daɗe a banɗaki sai ya ƙwanƙwasa. In ta tsaya a baranda sai ya kira ta. Ko ajiyar zuciya ta yi, sai ya tambayi dalili.

Wuri ɗaya ya rage mata da doka ba ta hana ba: wurin ajiye motoci a ƙarƙashin benen.

Da ta ce za ta ƙarasa aikin motar, Hambali ya yi murna sosai.

"Ki bar wurin gadon sama," ya ce. "Umair ya ce nan zai kwana in ya zo hutu." Ɗansu ne na fari, wanda suka bari a Kano wurin kakarsa saboda jarrabawa. "Yaron nan ma ya daina kira."

"Layin gida ne ba kyau, Malam."

Da can Abban Umair take ce masa. Bai lura da canjin ba.

Kayan suka iso. Ta ɗaura ɗankwali a hanci ta shiga aiki. Robar ta tsattsage mata yatsu, audugar ta sa hannuwanta ƙaiƙayi har suka yi ja. Ta bi kowace kafa ta toshe, ta rufe tagogi da katako, ta zagaye bakin ƙofa da roba biyu. Daga ƙarshe ta sayo sakata mai ƙarfi ta ɗaura da kanta.

Ta sake kunna rediyon, ta ƙure shi, ta fito ta rufe. Shiru. Mai gadi ya zo wucewa ta jikin motar da ledar abincinsa, ya ɗaga mata hannu, ko waiwayen motar bai yi ba.

Da ta hau sama, Hambali ya dubi fuskarta ya ce, "An gama ke nan? Yau zan sauka in gani."

"Za ka gani. Fara shan maganinka."

Ta ba shi da hannunta bayan azahar, ta zauna a bakin gado tana kallonsa har numfashinsa ya daidaita. Ta kunna wa Najiba katun, ta ce kada ta tashi Abba. Sannan ta ɗauki makullin motar ta sauka.

Babu kowa a ƙasa. Ta shiga, ta ja ƙofa, ta danna sakatar daga ciki. Duhu da zafi suka rufe ta. Ta durƙusa a kan katakon, ta cire hannun da ta saba toshe bakinta da shi, ta ƙwalla wa Umair kira da duk ƙarfinta, ɗanta da aka binne a Kano tun mahaifinsa yana kwance a asibiti.