Masu Kallon Gadon Kafinta

Gado ashirin kafinta ya ƙera, ko ɗaya bai sayar ba.

'Yarsa mai kula da shafin shagonsa na intanet ce ta zuga shi. "Baba, ƙididdigar shafin ta nuna kullum mutum ɗari ke kallon gadon nan, duk daga unguwa ɗaya."

Wata biyu ba mai saye. Haushi ya ishe shi, ya tashi takanas ya tafi unguwar.

Ashe layin kafintoci ne. Kowace rumfa ga irin gadonsa nan, sak.

Wani ya gane shi, ya washe baki. "Maigida, don Allah ƙaro mana hoton bayan, haɗin ne ya gagare mu."

A ƙafa ya koma gida. Dama babur ɗinsa ya sayar ya sayi katakon gadajen.