Ruwa Har Wuya

Bappayo ya ɗora tafin hannunsa a kan maƙogwaro, ya bar shi a nan.

Wannan awon Malam Jibrilla ma'aikacin jinya ne ya ƙirƙiro abinsa. Bayan yaƙin basasa aka yi masa canjin aiki daga Azare zuwa wani asibiti a Jimeta, aka damƙa masa ɗakin masu taɓin hankali. Nan ya ga ma'aunin zafin jiki ba ya auna baƙin ciki. Mutanen bakin kogin Binuwai kuwa, ko ba su san komai ba, sun san zurfin ruwa. Sai ya riƙa tambayarsu: da damuwa ruwa ce, ina ta kai? Gwiwa, ƙugu, ko ƙirji?

Ba wasa yake yi ba. Masu irin ciwon Bappayo, masu jin muryoyin da babu mai jinsu, ba lokacin ihu suka fi ba shi tsoro ba. Sai magani ya kama, muryoyin sun yi shiru, mutum ya waiwaya ya ga ɓarnar da ciwo ya yi wa rayuwarsa. A nan ne wasu ke hallaka kansu. Ga maganin yana daskarar da fuska, ba ka gane wanne ne na ƙwaya, wanne ne na zuci.

Garin ma bai gama karɓarsa ba. Ran da mai gidan hayarsa ya zo masa da albishir wai akuyarsa ya haihu, Jibrilla ya yi dariya har da hawaye, ya ce Hausar Jimeta sai masu ita.

Bappayo ya samu sauƙi, kowa ya shaida. Ya yi kumatu, yana sallah a kan lokaci. Kalmar Jibrilla kaɗai babban likita ke jira ya sallame shi. Matarsa Raliya tana takowa kullum da hantsi daga wajen tafkin Njuwa da ƙwaryar kindirmo, ta zauna a bayan tagar ƙarfe. Ba ta kallonsa, ba ya kiran sunanta, kunyar Fulani ta hana. Idan ta miƙa ƙwaryar, awarwaronta kan zame har gwiwar hannu.

"Kana samun barci?" Jibrilla ya tambaye shi ran nan.

"Ni jam, likita, lafiya lau. Shi ne ba ya barci."

Jibrilla ya ƙura masa ido. An ba shi labarin yadda aka kawo mutumin nan ɗaure da igiya, yana rantsuwa akwai wani a cikin kansa. Ashe baƙon bai tafi ba, laɓewa ya yi.

"Abinci fa, yana ci?"

"Ba ya ci. Yana cewa laifinsa ne na haukace. Yana tsayawa bakin Njuwa yana kallon ruwa. Don Allah ka buɗe mini ƙofan nan in je gida."

Shi ne Jibrilla ya tambayi inda ruwan ya kai masa, hannun Bappayo ya tsaya a wuya.

Wallahi tausayi ya kama Jibrilla, amma tsoro ya fi. Ya sa aka zare mazagin wandon Bappayo, aka mai da shi ɗakin ciki mai kwaɗo. Bappayo bai yi kokawa ba. Ƙarfen ƙofar kawai ya riƙe yana roƙo, har muryarsa ta dushe, da Hausa, da Fulatanci, da hawaye. Masu gadi suka ce ciwon ne ya tashi.

Raliya kuwa, Jibrilla ya same ta a inda take zama, ya tausasa murya.

"Baiwar Allah, sai haƙuri. Ba yanzu ba. Wataƙila sai bayan damina."

Ta ce to. Har murmushi ta yi masa, ta gode. Ta tashi ta tafi, ba ta ɗauki ƙwaryarta ba.

Jibrilla ya koma gida da sanyin zuciya, yana jin ya ceci rai.

Washegari hantsi ya yi, ya wuce. Rana ta take tsaka. Da ya shiga duba marasa lafiya, ya tarar da Bappayo tsaye inda ya bar shi, yatsunsa sun ƙage a jikin ƙarfe, idonsa a kan hanyar shigowa.

"Bai zo ba," in ji Bappayo.

"Wa?"

Bappayo ya sunkuyar da kai. Ko yanzu ma sunan ya ƙi fita daga bakinsa.

"Shi mana, likita, wanda na ce maka ruwa ya kai masa wuya. Uwar yarana."