Zamiyar Marigayi

Ta rasa miji, ta rasa babur ɗinsa a wurin rabon gado. Abin da ta samu shi ne ɗan kaso a shagon gem, inda samari ke buga wasan bidiyo, da ɗakin baya inda keken ɗinkinta yake, da hannun gem ɗin marigayi, wato abin dannawar da ake riƙewa a yi wasan, wanda ta jefa a jaka tun kafin dangi su gama kuka.

Kaso mafi tsoka na ƙanin mijin ne, Dogo. Shi kuma sayar da ginin yake so ya yi, har da ɗakin da take kwana.

Marigayi ya yi suna da abu ɗaya, zamiya. A wasan faɗa ana danna gaba, a saki, a danna ƙasa, a karkato gaba, a maimaita kafin ƙiftawar ido. In ta fita daidai, ɗan damben da ke kan allo zai sulalo a durƙushe kamar an zuba mai a ƙasa, naushi ya wuce ta saman kansa, shi kuma ya taso da nasa. Gwanaye sukan jera biyu su sarƙe. Marigayi yakan zamo tun daga wannan bango har wancan, yana hira, wani lokaci ma yana kallon titi.

Yana da tsarabe-tsarabensa. Ba ya zama sai a kujerar jikin labulen ɗakin baya. Ba ya zuwa gasa a waje, wai a zo a same shi. Ranar da matarsa ta tafi unguwa kuwa, kansa ke ciwo. Hannun gem ɗinsa ko ƙuda bai yarda ya sauka a kai ba.

Dogo ya daɗe yana shan duka a wasa a wannan shago, ya kuma gama yanke hukunci cewa yayansa ba fin sa ya yi ba, wani gyara aka yi wa hannun gem ɗin.

Ya same ta tana ɗinki, ya taya hannun gem ɗin. Ta ce ba na sayarwa ba ne. Ya ƙara, ta tambaye shi ko albasa ya zo saye. Ya haɗa da babur, ta ce ita da ba ta iya keke ba, a ka za ta ɗauka? Ya ce to ta bari ya gwada sau ɗaya mana.

"Ƙanina, mai rai ma bai ba ka ka taɓa ba," in ji ta, tana murza kantar babban yatsanta. "Sai yanzu da ba ya nan zan ci amanarsa?"

Ya fita a fusace, ya dawo. Ya sake fita, ya ji wani ɗan wasa daga wata unguwa ya zo tayawa, ya dawo da gudu tare da dattawa biyu.

"Matar yaya, faɗi abin da kike so. Ke da ba ki san gaba da bayan abin ba!"

Ta ce gaskiya ne, ita ina ta san wasan maza. Ta share ido da gefen mayafi, ta bar dattawan suka yi ta lallashi, sannan ta sallama a gabansu. Kason Dogo na ginin gaba ɗaya ta karɓa, ba ragi, a kan hannun gem ɗin da ba a taɓa haɗa shi da inji ba, domin hannun gem ɗin da ke yin aikin kullum yana kan cinyarta, ita ke dannawa a bayan labule.