Takobin da Tela Ya Saya

Zauna in ba ka wani misali, tun da na ga hannunka yana ƙaiƙayin tura kuɗi a sayo maka abin da ba za ka taɓa rataya shi a kafaɗa ba. An yi wani tela a bakin kasuwa, magidanci har da 'yar furfura, wanda ya kamu da wani wasa na waya, irin wanda mutanen gari daban-daban ke haɗuwa a ciki, kowa da ɗan mutum-mutuminsa, su shiga daji suna yaƙar dodanni. A nan ya yi abokai biyu da bai taɓa ganin fuskarsu ba, murya kawai ya sani. Ɗaya direban tanka ne, shi ke yi musu ƙira a cikin wasan. Ɗayan mai kemis ne, wanda don tsabar son sana'a a can ma magani yake bayarwa. Tela shi ne mayaƙinsu, da wani guntun takobi da ko kabewa ba ya yankawa. Kowace Juma'a bayan la'asar sukan haɗu a gindin wata kuka ta cikin wasan, su tunkari dodon da ke tsaron dutse, dodon ya tattake su kamar ana sussuka, su yi ta dariya har waya ta yi zafi. Direba ya ce, "Malam tela, ai da almakashinka ka zo da ya fi mana." Tela ya ce a yi haƙuri, wuyan dodon yake aunawa, riga zai ɗinka masa.

Abin da suka tsinta a hanya kuwa adashi suke yi da shi. Aka tara wa mai kemis ya kwasa, ya sami jakar magani. Aka tara wa direba ya kwasa, ya kafa maƙera. Tela ne ƙarshen kwasa, tasa kuma ita ce mai wuya, don takobin da ke kashe dodon nan sai an haƙo masa tama ƙwaya-ƙwaya, wata da watanni. Duk sanda ya tambaya, sai direba ya ce, "Ana nan ana zuga."

Ana haka ɗinkin Sallah ya shigo, aljihun tela ya yi nauyi. Ya ci karo da tallan wani mutum da ke sayar da kayan wasan da kuɗi na gaske, ka tura masa, kafin ka gama sa zare a allura kaya sun iso. Tela ya ce ai ga hanyar da zai shammaci mutanensa. Ya tura, ya yi gum da bakinsa. Ran Juma'a suka isa gaban dodo, ya zare wani takobi mai walƙiya, sara ɗaya dodon ya zube. Ya kasa kunne yana jiran ihu. Can mai kemis ya ce, "To, yau dai ba wanda ya ji ciwo, ba ni da aiki ke nan." Direba ya ce, "Allah ya sanya alheri."

Kuma ba tela kaɗai ya gano mai tallan ba. Kafin damina ta fita, duk wanda ka gani a dajin nan yana jan takobi irin nasa, har waɗanda jiya suka shigo, ba su san inda kukar take ba. Ba mai zuwa maƙera, ba mai neman magani, don wa zai jira ƙira alhali ga na sayarwa? Direba ya fara cewa hanya ta yi nisa, ba sabis. Mai kemis ya ce masu sayen magani sun yi yawa a shago. Sunayensu da ke haske a gefen waya suka dushe, mako ya bi mako ba su sake haske ba.

Wata Juma'a kewa ta ishi tela, ya buɗe rumbun cikin wasan da suke tara kayan adashi. A can ƙasa ya tarar da takobi, an gama ruwansa tas, ƙota kawai ta rage, aikin da bai wuce Juma'a biyu ba. Direba har ya raɗa masa suna: Almakashin Malam Tela. Ya daɗe yana kallo, keken ɗinki a tsaye. Ya nemi mai tallan ya ce ko nawa ne a ƙarasa masa wannan. Mutumin ya ce a dokar wasan, maƙerin da ya fara shi ke ƙarasawa, amma idan yana so akwai wani sabon takobi da ya fi na da.

Har yau, in ka bi ta shagonsa ran Juma'a bayan la'asar, za ka ga ya ɗauke ƙafa daga keke, ya sa abin ji a kunne. Yakan ajiye takobi mai walƙiyar a rumbu, ya ɗauki guntun nan na da, ya jira a gindin kuka, sa'an nan ya je shi kaɗai, dodon, wanda ko an kashe shi wasan kan dawo da shi, ya tattake shi, ko Allah zai sa ya ji wani ya yi masa dariya a kunne. To, mayar da wayarka aljihu. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce garin neman ƙiba, an samo rama.