Telan da Ya Share Bakin Tafki

To, tun da ka ce sai ka gyara abin da bai ɓaci ba, zauna ka ji wani misali. An yi wani tsohon tela a wani ƙauye na bakin fadama, wanda ba shi da abin so a duniya kamar kallon tsuntsaye. Bayan gidansa akwai ɗan tafki da dogayen ciyayin ruwa suka kewaye. Duk bazara, idan zafi ya tsananta, baƙin tsuntsaye masu komawa arewa sukan yada zango a nan kwana goma ko sha biyu: ƙananan agwagin ruwa, da tsattsewa, da wasu masu dogon baki da ko sunansu bai sani ba. Shekara talatin yana rufe keken ɗinki da la'asar, ya je ya tsuguna yana leƙensu ta tsakanin ciyawa. Mutanen gari har tsokanarsa suke yi, wai sarkin tsuntsaye ya tafi fada. Ana nan sai yanar ido ta fara rufe masa gani, zare ma sai an zura masa a allura. Tsoro ya kama shi, ya ce a ransa kafin duhu ya gama rufe shi sai ya gan su sau ɗaya a fili, ba ta kafar ciyawa ba. Ya ɗauko majiya ƙarfi da lauje da adda. Wani masunci ya ce masa, "Baba, ciyawar nan fa ita ce ɗakinsu." Tela ya ce, "Kai dai kifi ka sani." Kwana uku aka yi ana sara, aka ƙone tarin, bakin tafki ya yi fes kamar an share tsakar gida.

Ranar da tsuntsayen suka iso, yana zaune a kan tabarma, har da sabuwar hula. Ya ga duhunsu ya taso daga kudu, zuciyarsa ta yi fari. Suka kewaya tafkin sau ɗaya, sau biyu, suka yi ƙasa-ƙasa har yana jin fiffikensu. Ina! Babu maɓoya, babu inuwa, sai shaho da ke shawagi a sama. Suka ɗaga suka yi gaba, ko ɗaya bai taɓa ruwan ba. Wallahi tsohon nan sai da ya yi hawaye. Ciyawa kuwa ba ta san gaggawa ba, sai da ta ci damina biyu kafin ta koma yadda take. Tsuntsayen suka dawo kamar ba a yi komai ba, amma a lokacin sai an riƙe masa sanda. Har ya rasu, duk bazara yakan sa a kai shi bakin tafkin ya zauna yana sauraren kukansu, yana tambayar masuncin nan, "Suna da yawa bana?"

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.